Turin mota ba gyara ba ne

Idan ɗari ya shigo, daga Disamba zuwa Janairu, duk wanda ya yi sammako zuwa tashar Madawa, ko ta Buza, ko ta Keita, ya san abin da zai tarar. Ga mota cike da buhunan albasa ko kwandunan tumatir. Direba yana murɗa makulli, mota ta yi ƙas-ƙas, ta yi shiru. Idan ƙarama ce, sai a kira fasinjoji su tura. Idan babba ce, irin dogon baro, sai a nemi wata ta ja ta. Wasu direbobin tun da dare suke ajiye motarsu a kan gangare, domin da safe su sake ta ta gangara. Ƙasar Adar kuwa ba ta rasa gangare.

Mun saba da wannan har mun ɗauka halin tsohuwar mota ke nan. Ni ban yarda ba. Yawancin motocin da ake turawa, injinsu lafiya lau yake. Ciwon yana cikin wayoyin wuta, kuma sau da yawa ƙaramin ciwo ne. Turi yana ɓoye shi kawai. Ranar da ya bayyana, manomin da ya yi lodi shi ke asara, wani lokaci ma har da rai. Saboda haka wannan magana ta shafe mu, ko da ba mu da mota.

Me ya sa sai lokacin ɗari?

Injin gazuwal ba kamar na esansi ba ne. Ba shi da tartsatsin da ke kunna mai. Iska yake matsawa da ƙarfi har ta yi zafi ƙwarai, sannan ya fesa mata gazuwal, sai ya kama. Wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ne ya ƙera shi, ya yi aiki a shekarar 1897. Domin iskar ta yi zafi, dole injin ya juya da sauri. Abin da ke juya shi da farko shi ne demarer, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira kik. Demarer kuwa batir ke ba shi wuta, kuma wuta mai yawa yake sha, fiye da duk fitilun motar a haɗe nesa ba kusa ba.

Da asubar hunturu, ƙarfen injin ya yi sanyi, man injin ya yi kauri, batir kuma ƙarfinsa ya ragu. Aiki ya ƙaru, mai aikin ya raunana. Amma kada mu ɗora wa sanyi laifin duka. Sanyinmu bai kai na ƙasashen da aka ƙera waɗannan motoci ba, inda ruwa ke daskarewa. Abin da ke cinye batir a nan shi ne zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40. Zafi yana ƙafar da ruwan batir, yana lalata farantan da ke ciki. Ga jijjigar hanya, ga ƙura. Batir yakan ji ciwo da bazara, amma sai hunturu ke tona asirinsa.

Akwai wani hali na tsohon injin gazuwal da ke ruɗin masu mota. Da zarar ya tashi, da yawansu ba su ƙara bukatar wuta. Mota za ta iya zuwa Tawa ta dawo ko da batir ba ya caji. Shi ya sa mai mota ke cewa: “Ai tana tafiya.” Gaskiya ne, tana tafiya. To amma in dare ya yi, fitila batir take so. Ham batir yake so. In mota ta mutu a tsakiyar gebe, inda ba gangare, ba mai ja, to a nan za a kwana. Wasu don gudun haka sai su bar injin yana aiki dare farai. Gazuwal ɗin da ake ƙonawa a banza cikin wata guda ya isa a biya mai gyara.

A saurari abin da motar ke faɗi

Idan mota ta ƙi tashi, kalmar farko da ake ji ita ce: “Batir ya mutu.” Sai a cire shi a kai caji, ko a ci bashi a sayi sabo. Bayan kwana kaɗan ciwon ya dawo. Da an tsaya an duba, da an huta.

Ga gwajin da ba ya cin ko dala. A kunna manyan fitilu. Mutum ɗaya ya tsaya daga gefe yana kallonsu, direba ya murɗa makulli. Idan fitilun suka mutu gaba ɗaya, to wuta ba ta wucewa: ko batir ya ƙare, ko bakinsa ya yi datti, ko ya saki. Idan suka dushe ƙwarai, injin kuma yana juyawa da ƙyar, batir ne ya yi rauni, ko demarer ya cije. Idan kuwa fitilun suna nan da haskensu, amma ba abin da ya motsa, to batir ba shi da laifi. A nemi ciwon wajen makulli, ko ƙaramar wayar da ke zuwa demarer, ko cikin demarer ɗin kansa. Sabon batir ba zai yi maganin wannan ba.

Bayan an murɗa makulli na ɗan lokaci, a taɓa bakunan batir da hankali, waɗanda makanikai ke kira kos. Wanda ya yi zafi, shi ne mai laifi. Wuta takan yi zafi a wurin da ta sami ƙunci. Wannan farin gari ko kore da ke taruwa a kos, shi ke tare hanya. Muna ganin direbobi suna dukan kos da dutse, ko su cusa ƙusa don ya kama. Duka yana fasa murfin batir, ruwan ya dinga tsattsafowa, garin ya ƙaru.

Wanke shi ba wuya. A kashe mota. A fara kwance wayar da ke da alamar ragi (-), sannan mai alamar tarawa (+). A jiƙa kanwa a ruwa, a wanke kos da ita, domin kanwa tana kashe kaifin ruwan batir. Amma a rufe ramukan batir da kyau, kada ruwan kanwa ya shiga ciki. A goge da burushin ƙarfe har ƙarfen ya yi haske. Wajen mayarwa, mai alamar tarawa ake fara ɗaurewa, mai alamar ragi daga ƙarshe. A ɗaure tam, a shafa giris kaɗan a sama. Wannan jeri ba al'ada ba ce kawai. Idan aka fara da wayar tarawa, ƙarfen kwancewa ya taɓa jikin mota, tartsatsi zai tashi.

Akwai wata waya da kowa ke mantawa da ita. Ita ce mas, babbar wayar da ta haɗa batir da jikin mota, da wadda ta haɗa jikin mota da inji. Wuta ba ta tafiya sai tana da hanyar komawa, kamar ruwan da ake kora wa albasa: in an toshe ƙarshen kwalbati, ba ya gudu. Ta mas wuta ke komawa batir. A ƙasan mota take, inda laka da tsatsa suke. A hanyoyinmu masu duwatsu, tsakanin Buza da Keita, jijjiga kaɗai ta isa ta kwance ta. A ganina, duk mai gyaran da ya ce a sayi batir bai leƙa mas ba, bai gama aikinsa ba.

Idan an sami ma'aunin wuta, aiki ya ƙara sauƙi. Ƙaramin abu ne, masu gyaran rediyo da masu haɗa hasken rana duk suna da shi. Lambobi yake nunawa. Batir mai bolt 12, idan ya cika, ya kuma huta, zai nuna 12,6. Idan ya nuna 12,2, kusan rabi ya rage. Idan inji yana aiki, ya kamata a ga wajen 14. In ba a gani ba, alternater, wato abin da ke yi wa batir caji, ba ya aiki, ko igiyar robar da ke juya shi ta saki. Manyan motoci da yawa bolt 24 gare su, batir biyu a haɗe. A nan lambar za ta ninka, a ga wajen 28. Irin waɗannan batir biyun tare ake canja su. Idan aka haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon su lalace tare, kamar a haɗa bijimi da ramammen sa a garma ɗaya.

Ruwan da ake ƙara wa batir kuma tataccen ruwa ne, wanda ake sayarwa don haka. Ruwan rijiya yana da gishirin ƙasa da ke ɓata farantai. Kada a ƙara asid.

Ƙananan motocin gazuwal, kamar tsofaffin Land Cruiser da Hilux da Peugeot 504, suna da bujin ɗumama inji. Idan an buɗe makulli, wata ƙaramar fitila takan kama a gaban direba. A jira ta mutu kafin a tada. Idan injin yana juyawa da kyau, farin hayaƙi yana fita, amma ya ƙi kamawa, a sa a duba waɗannan buji. Kuma kada a riƙe makulli fiye da ƙirga goma sha biyar. A saki, a huta kamar minti ɗaya ko biyu. Riƙewa yana ƙone demarer, shi kuwa ya fi buji tsada.

Fankar ɗumi

Wani zai ce: mu da ke fama da zafi, ina ruwanmu da fankar ɗumi? A tambayi direban da ya taso daga Tamaske ƙarfe huɗu na asuba a watan Janairu. Wannan fanka, da ake kira shofaj, tana hura iska mai ɗumi cikin gidan direba. Ita ce kuma ke share hazon da numfashi ke yi a gilashin gaba. Idan ta mutu, direba yana tuƙi yana goge gilashi da rawani, ko ya naɗe kansa har kunnuwa ba ya jin komi. Mafi muni shi ne a shigar da kaskon garwashi cikin mota a rufe gilasai. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari, ba ta da launi. Tana sa ciwon kai da barci, tana kisa. Ita ce dai ke kashe mutane a ɗakin da aka rufe da garwashi lokacin ɗari.

Ciwon fankar shi ma yana da alamu. Idan tana aiki a lamba ta ƙarshe kawai, ƙananan lambobin sun mutu, wani ɗan ƙarfe mai rage mata gudu ne ya ƙone, ana canja shi. Idan tana hurawa amma iskar ba ɗumi, ba ciwon wuta ba ne: a duba ruwan lagireto bayan inji ya huce, a kuma duba ko an toshe tiyon da ke kai ruwan zafi ciki. Idan ba ta motsi ko kaɗan, a fara da fizibil.

Idan kuwa fanka tana wasa, yau ta yi gobe ta ƙi, mota kuma tana wahalar tashi, kada a ɗauka ciwo biyu ne. Su biyun ta makulli ɗaya suke samun wuta, ta mas ɗaya take komawa. A nemi wurin da suka haɗu. Fankar da ke rage gudu duk lokacin da aka kunna fitila, gargaɗi take yi tun da wuri.

A kan fizibil ne nake so in daɗe, domin a nan ne ake yin kuskure mafi haɗari. Fizibil ɗan siririn ƙarfe ne da aka sa da gangan ya zama shi ne mai rauni. Idan wuta ta yi yawa, shi zai narke, wayoyi su tsira. Ƙurar hunturu takan shiga fanka, ta sa ta yi nauyin juyawa. Fanka mai nauyi tana jan wuta fiye da ƙima, sai fizibil ya ƙone. Ya yi aikinsa ke nan. To me ake yi? Sai a naɗa masa wayar tagulla, ko takardar azurfa ta kwalin taba, a mayar. Fanka ta tashi, kowa ya yi murna. Amma yanzu ba mai gadi. Zafin da zai narka fizibil, wayoyin da ke bayan sitiyari zai narka. Ga gazuwal, ga tampol, ga buhunan kaba, wani lokaci ga mutane a saman kaya.

Kowane fizibil yana da lamba a jikinsa. A karanta ta, a sa mai irin lambar. Kada a dogara da launi. A fizibil na roba mai ƙafa biyu, ja 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Amma a tsofaffin motocin Turai masu fizibil dogo kamar ƙwayar dabino, fari 8 ne, ja 16, shuɗi 25. Kun ga ja a nan daban, ja a can daban. Yaron motar da ya iya karanta lamba ya fi wanda ke aiki da launi. Idan an sa sabo ya sake ƙonewa nan take, kada a sa wanda ya fi shi girma. A kai wa mai gyaran wuta.

Abin da ke kai mutane likita

Dabarun da ake yi don a guje wa gyara, su ke raunata mutane. Babbar motar da aka saki a gangare ba inji, birkinta na iska ne, injin kuma shi ke tara iskar. Idan ta zube cikin dare, birki ba zai kama yadda ya kamata ba. Wasu kuma sukan shiga ƙarƙashin mota su haɗa bakin demarer da ƙarfe. Idan an manta mota tana cikin giya, za ta yi tsalle ta hau wanda ke ƙasa. Wanda ake turawa ƙasan kuwa yaron mota ne, ɗan wani. Hura wuta ƙarƙashin inji don ya yi ɗumi, wannan ba sai na yi bayani ba.

Batir da ake caji yana fitar da iska mai kama wuta. Taba, ashana ko tartsatsi a kusa da shi na iya fasa shi. Ruwansa asid ne, yana cin fata, yana makantarwa. Idan ya fantsama a ido, a zuba ruwa mai tsabta da yawa, a yi ta zubawa kamar minti ashirin, sannan a tafi likita. Kada a sa mai, ko nono, ko tozali.

Mataccen batir kuma kada ya kwana a tsakar gida. Dalma ce a ciki, dalma guba ce, ta fi cutar da yara. A Caroy, kusa da Dakar a ƙasar Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008, saboda ana fasa tsofaffin batir a unguwarsu don a cire dalma. A mayar da shi wa mai sayarwa. Kada a fasa, kada a zuba ruwansa kusa da rijiya ko garka.

Uzurin masu mota

Na san abin da mai mota zai ce, kuma ba ƙarya yake yi ba. Batir biyu na babbar mota kuɗi ne masu yawa. Kayan gyara da yawa daga Najeriya suke zuwa, ta Ƙonni ko ta Bangi, kuma duk mun ga yadda kasuwa ta yi lokacin da aka rufe iyaka daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Akwai jabu a kasuwa. Masu gyaran wuta na ƙwarai a manyan garuruwa suke. Motocin nan kuma, duk tsufansu, su ke riƙe da mu. Su ke fitar da albasar kwarin Tarka da ta Majiya zuwa bakin kwalta, inda manyan motoci ke kwasa zuwa Gana da Kodebuwa. Su ke kai taki da iri. A ƙauyuka da yawa, in naƙuda ta yi tsanani cikin dare, motar kasuwa ce ke kai mace asibitin gunduma ko na Galmi. Ba wanda ke cewa a ajiye su.

Amma uzurin tsada bai shafi yawancin abin da na faɗa ba. Kanwa nawa take? Ɗaure mas ba ya bukatar komi sai ƙarfen kwancewa da rabin awa. Fizibil bai kai kuɗin kwanon abinci a tasha ba. Wanda ya kula da waɗannan, batir ɗinsa ma ya fi daɗewa, ya rage saye. Talauci ba ya hana wankin kos. Sabo da turi ne ke hanawa, da kuma sanin cewa in mota ta kwana a hanya, ba tumatirin mai mota ne zai ruɓe ba.

A nan ne manoma ke da ta cewa. A yawon da nake yi tsakanin ƙauyuka, a irin waɗannan motoci nake shiga, kuma na lura da abu ɗaya. Manomi zai yi awa guda yana ciniki a kan kuɗin buhu, amma ba zai tambayi ko mota tana tashi da makulli ba. Alhali wata huɗu ya yi yana ban ruwa. Tumatir da kabeji da salati ba su jiran gobe. Albasa ma, in ta kwana biyu a matse ƙarƙashin tampol cikin rana, ɗan kasuwa zai rage mata kuɗi.

Shawarata ga ƙungiyoyin manoma na Sabon Gida, da Karofane, da Ibohamane, da duk inda ake haɗa kaya a yi shatar mota, ita ce wannan. Kafin a ɗora buhu na farko, a roƙi direba cikin mutunci ya kashe mota, ya tada ta da makulli a gaban shugaban ƙungiya. A kunna fitilun gaba da na baya a gani. A leƙa akwatin fizibil, ko akwai waya a naɗe. Wannan ba raini ba ne. Mai sayen sa ma sai ya sa an kora shi ya ga tafiyarsa. Idan akwai mota biyu, a ba wadda ta ci gwajin, ko da ta ɗan fi tsada. Idan ɗaya ce tak a garin, a yi magana da mai ita tun watan Oktoba, bayan an gama yankan hatsi, kafin ɗari ya kankama. Ƙungiya ma tana iya ba shi wani abu daga kuɗin shata tun da wuri, da sharaɗin ya kai ta wajen mai gyaran wuta. Magatakarda ya rubuta kuɗin da ranar a littafin ƙungiya, mai mota ya sa hannu, a cire daga kuɗin lodin farko.